Minjirya, Ƙaho da Waya: Yadda Aka Yi Ta Neman Jijiyar Kafaɗa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara 22 yana sauke buhunan albasa daga manyan motocin Nijar a kasuwar Agbogbloshie, kafin a tashi 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku a 2021. Da kafaɗar dama yake tarbar buhu. Wajen 2018 sai kafaɗar ta fara neman haƙƙinta. Da farko taje kai ya gagara, daga baya sa riga, har ya kai idan zai yi kabbara hannun hagu ya isa kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Gidajen Nima ba su da sirri, bango ɗaya ya raba ɗakinsa da namu, saboda haka duk juyin da ya yi da dare muna jin nishinsa.

Wata ranar Laraba, ranar cin kasuwar Nima, ya dawo da wani ɗan akwati da bai fi wayar hannu girma ba, mai batir da wayoyi biyu da faci masu manne wa fata. A cikin torotoro ya saya, wajen irin mutanen nan da ke tsayawa a gaban fasinjoji su yi ta zuba kamar masu wa'azi. An ce masa yana maganin ciwon gaɓoɓi da hawan jini da ciwon suga, da wani abin da ba zan rubuta ba. Ya manna facin a dantse, ya murɗa, tsokar ta fara rawa da kanta. Ya dube ni ya ce, "Ke 'yar rediyo, kin san me wannan ya tuna mini? Minjirya. Muna yara a bakin ruwa ta taɓa kama ni, haka na ji." A gidanmu ko ƙafa ce ta sage don dogon zama, mukan ce minjirya ta kama ta, amma ban taɓa tsayawa na haɗa kalmar da kifin ba sai ranar. Ni ba likita ba ce, difloma ta aikin jarida nake da ita, aikina kuma gabatar da shiri da Hausa. Maganar Kawu ce ta sa na yi watanni ina karatu da tambayar masu sani, har na yi shiri uku a kanta. Abin da na tarar shi ne mutane sun san lantarki na kwantar da ciwo tun kusan shekara 2000 da suka wuce. Abin da ya ci musu lokaci shi ne sanin inda jijiyar take bi.

Bari in fara da kalmar kanta, don a nan muke fara ɓata. Bahaushe ya ce jijiya ga wadda jini ke gudana a ciki, ya ce jijiya ga farar igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin wadda ke gagarar haƙori a tuwon sallah, ya kuma ce jijiya ga zaren da ke kai saƙon zafi da motsi tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Idan mai sauraro ya bugo ya ce "ciwon jijiya nake yi", sai Allah ya san wacce yake nufi. Ba mu kaɗai muka yi wannan haɗin gambiza ba. Girkawa ma kalma ɗaya suka yi amfani da ita ga igiyar tsoka da zaren saƙo, sai wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa wani likita mai suna Herophilus, da ke feɗe gawa a Iskandariya ta Masar, ya raba su, ya kuma nuna cewa a cikin zaren saƙon akwai na ji akwai na motsi. A wannan rubutu idan na ce jijiya, ta saƙo nake nufi.

To, sai kifin. Minjirya na nan a Kwara da Volta da Tabkin Chadi da Nilu. Ba ta da ɓawo, jikinta suɓul, kuma a ƙarƙashin fatarta akwai wani bargo na nama da ya lulluɓe ta wanda ke tara lantarki. Babba tana iya sakin bolt 350. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane ɓari na wannan bargo ƙwayar jijiya guda ɗaya tal ce ke ba shi umarni. Mutanen Masar na dā sun zana ta a bangon kaburburansu a Saqqara fiye da shekara 4000 da suka wuce. Larabawa suka kira ta ra'ad, kalmar da suke kiran tsawa da ita, kuma malamin nan Abdullaɗif al-Bagdadi, da ya zauna a Masar wajen 1200, ya siffanta yadda take girgiza duk wanda ya taɓa ta. Amma wanda ya fara rubuta irin wannan kifi a matsayin magani Barume ne, Scribonius Largus, likita a zamanin Sarki Claudius, wajen shekara ta 47. Nasa kifin na teku ne, mai faɗi kamar faifai. Ga mai ciwon gaɓoɓin ƙafa ya ce ya tsaya a kan rayayyen kifi a jiƙaƙƙen yashi har ƙafar ta sage zuwa gwiwa. Ga mai ciwon kai a ɗora kifin inda ciwon yake. Babu wanda ya san me ke fitowa daga jikin kifin. Sun dai ga yana aiki.

Amsar ta bi ta yankinmu, abin da ban taɓa ji a makaranta ba. A 1751 wani matashin Bafaranshe mai nazarin tsirrai da dabbobi, Michel Adanson, ya gamu da minjirya a Kogin Senegal, ya ce girgizarta daidai take da ta kwalbar tara lantarki da aka ƙirƙira a Leiden 'yan shekaru kafin nan. Da Alessandro Volta ya haɗa batir na farko a Italiya a 1800, shi da bakinsa ya kwatanta shi da gaɓar lantarkin irin waɗannan kifaye. Ke nan batirin da ke cikin akwatin Kawu jikan kifi ne.

Samun wuta daban, sanin inda za a kai ta daban. Akwai wani labari da Jalinusu, babban likitan Rum na ƙarni na 2, ya bayar da kansa. Wani malamin balaga mai suna Pausanias ya rasa ji a ƙananan yatsunsa biyu da rabin na tsakiya. Likitoci suka yi ta shafa wa yatsun magani, shiru. Jalinusu ya yi masa tambayoyi, ya gano ya taɓa faɗowa daga karusa ya bugu a saman baya. Sai ya ɗauke maganin daga yatsu ya mai da shi kan ƙashin bayan, mutum ya warke. Ko maganin ne ya warkar ko lokaci ne, wannan wata magana ce, kuma Jalinusu mutum ne mai son yabon kansa. Amma tunaninsa daidai ne: inda ake jin ciwo ba lalle nan ne tushensa ba.

Ga yadda kafaɗa take, kamar yadda masu feɗe gawa suka yi ta tantancewa tun daga littafin Vesalius na 1543. Ƙashin dantse yana da kai zagaye, yana zaune a wani ɗan gurbi marar zurfi a gefen allon kafaɗa, kamar a ce an ɗora lemo a kan murfin kwalba. Shi ya sa babu gaɓar da ta kai ta sakewa, shi ya sa kuma take saurin gocewa. Tsoka huɗu ne suka rungume kan ƙashin suna riƙe shi. Jijiyoyin da ke kula da duk wannan ba a kafaɗa suka tsiro ba, daga laka suke fitowa ta tsakanin ƙasusuwan wuya. Saiwa biyar ce, huɗu daga ƙasan wuya, ɗaya daga farkon baya. Suna fitowa su haɗu su rabu su sake haɗuwa kamar kitso, su bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, su gangara hammata, daga nan su watsu har yatsu. Duk abin da ya danne wannan kitso, igiyar jaka mai nauyi ko buhun da ke karkatar da wuya shekara da shekaru, hannu ne zai yi kuka.

Daga cikin rassan kitson biyu ne suka fi ɗaukar saƙon ciwon kafaɗa. Na farko zan kira shi jijiyar saman allo. Tana ɓallewa tun daga sama, ta yi baya, ta ratsa wata 'yar tsaga a bakin allon kafaɗa wadda wata igiya ta rufe samanta kamar gada. Tana motsa biyu daga cikin tsokokin nan huɗu, kuma littattafan likitoci sukan ce kusan kashi 70 cikin 100 na jin da ke cikin gaɓar ita ke ɗauke da shi. Idan ta matse a tsagar, tsokar bayan allo kan rame har a ga kwari. Ta biyu ita ce jijiyar hammata, wadda ke zagaya wuyan ƙashin dantse ta baya, ta shiga babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa kamar hula, ta kuma ba da ji ga wani ɗan fili na fata a gefen dantse. Ita ce ke shan wahala idan kafaɗa ta goce, ko maɗori ya ja da ƙarfin tsiya. Akwai wasu ƙananan rassa ta gaba. A 1863 John Hilton, likitan fiɗa a Landan, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake koyarwa da sunansa: jijiyar da ke motsa tsokar wata gaɓa, ita ce ke ba gaɓar ji, ita ce kuma ke ba fatar da ke kanta ji. Wannan ya bayyana mini dalilin da ya sa Kawu kullum gefen dantse yake nunawa, alhali ɓarnar tana can sama cikin gaɓa.

A Zango ba da Hilton muka fara ba, da wanzami muka fara. Tun zamanin da Malam Amadu Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, lokacin da asibitin Korle Bu da Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1923 yake can nesa da talakan da ya zo cin rani Ankara, wanzami da zabirarsa shi ne na kusa. Yana nan har yau. Kawu ya sha ƙaho ba sau ɗaya ba, a tsakanin kafaɗu inda aka ruwaito Manzon Allah (SAW) yana yi, da kuma a kan dantse. Yakan samu sauƙi kwana biyu ko uku. Ban yarda da masu cewa wannan sauƙi ƙarya ba ne, nan gaba kaɗan za a ga dalili. Abin da ke ba ni tsoro shi ne aska ɗaya a jikin mutum goma, da kuma lalas da ƙarfe mai zafi kusa da hammata. Tun Hippocrates, da ya koyar da ƙona hammata don kafaɗa mai yawan gocewa, ya gargaɗi almajiransa kada su zurfafa, don akwai igiyoyi masu haɗari a wurin. Al-Zahrawi na Andalus, da ya rasu wajen 1013, shi ma ya kawo wannan aiki a littafinsa na fiɗa. Su ma sun san akwai abu a ƙarƙashin fatar da ba a wasa da shi.

Wanda ya fara haɗa wuta da taswira shi ne Guillaume Duchenne, likita daga Boulogne a Faransa. Ba shi da muƙami a wani asibiti, yawo yake yi ɗakunan marasa lafiya na Paris da akwatinsa na lantarki, wasu na yi masa kallon mai taɓin hankali. Ya gano idan aka jiƙa bakin waya aka ɗora a fata, ana iya motsa tsoka ɗaya tak ba tare da an tsaga ba. Haka ya bi jikin mutum tsoka bayan tsoka, ya buga littafinsa a 1855. A 1874 Wilhelm Erb na Jamus ya nuna wani wuri a gefen wuya, kamar faɗin yatsa biyu sama da ƙashin nan mai gittawa, inda idan aka sa wuta tsokar kafaɗa da ta dantse ke tashi tare. Nan ne saiwoyi biyu na sama suke haɗuwa, kuma nan ne ke yagewa a jikin jaririn da aka ja kansa da ƙarfi wajen haihuwa, ya fito hannu ɗaya na reto. Ungozomomin Mamobi sun san wannan hannu ko ba su san Erb ba.

Inda ilimi ya buɗe ƙofa, 'yan kasuwa ke fara shiga. A Amurka an sayar da wani akwatin batir mai suna Electreat tun daga 1919, aka ce yana maganin kusan kowace cuta, har sai da hukuma ta kai mai shi kotu bayan dokar magunguna ta 1938. Da na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai, don mutumin torotoron Kawu ne sak, sai dai shi da kwat. Irin waɗannan ne suka sa likitoci suka juya wa lantarki baya shekaru masu yawa. Sun fi amincewa da allura: a 1941 Wertheim da Rovenstine a New York suka bayyana yadda ake zuba maganin kashe zafi daidai kan jijiyar saman allo don ciwon kafaɗa mai naci.

Sai 1965. Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila suka wallafa a mujallar Science cewa saƙon ciwo ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. A cikin laka akwai abin da suka kira ƙofa. Siraran zare na kawo saƙon ciwo, masu kauri na kawo saƙon taɓawa da shafa da girgiza, kuma idan masu kaurin suka yi yawan magana, ƙofar na tsukewa ga siraran. A matsayina na mai aiki a rediyo ban sha wahalar gane wannan ba: layi ɗaya muke da shi a situdiyo, idan wani ya riƙe shi, mai ƙorafi sai ya jira. Uwar da ke murza wa yaro inda ya buge, da wanzamin da ke zuƙar ƙaho, da Barumen da ke tsaye a kan kifi, duk wannan ƙofa suke taɓawa, ko da akwai wasu dalilan a tare. An gyara bayanai da dama na wannan nazari daga baya, amma ginshiƙinsa ya tsaya. A 1967 Wall da wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa, William Sweet, suka soka wa kansu allurar waya a jijiyar da ke ƙarƙashin ido, suka kunna wuta, suka tarar tsinin allura ya daina yi musu zafi a wurin. Sannan suka gwada a kan marasa lafiya 8. A wannan shekarar Norman Shealy ya dasa waya a kan lakar wani mai ciwon daji. Facin da ake mannawa a fata, wanda ake kira TENS, da farko don gwaji aka yi shi, a ga wa zai amfana da dashen. Sai wasu suka ce gwajin ma ya ishe su.

A yau, da na'urar sikan da ke nuna jijiya a allo, likita na iya zura waya siririya kamar gashi ya ajiye ta kusa da jijiyar hammata ko ta saman allo. Ƙungiyar John Chae a Cleveland ta yi ta gwada wannan tun farkon shekarun 2000 a kan masu shanyewar ɓarin jiki da kafaɗa ke addaba. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da StimRouter, wanda ake dasawa ya zauna, a 2016 kuma da SPRINT, wanda wayarsa ke zama har kwana 60 a zare ta. Kuɗinsu dubban daloli ne. Shi kuwa facin fata, da masu tace bincike na Cochrane suka tattara abin da aka yi a kansa a 2019, sun ce gwaje-gwajen ba su da ingancin da za a yanke hukunci yana maganin ciwo mai naci ko ba ya yi. Wasu na jin daɗinsa, wasu ba sa jin komai. Babu wanda ya ce yana sauke suga.

Abin da ya iso Nima daga wannan dogon tarihi shi ne akwatin, ba tare da taswirar ba. Mai sayarwa bai gaya wa Kawu kada ya manna a gaban wuya ba, bai tambaye shi ko yana da na'urar bugun zuciya ba, bai ce mai ciki ta nisanta shi daga mararta ba. Bai kuma san cewa jijiyar da ke kula da shamakin da ya raba ƙirji da ciki daga wuya take fitowa ba, kusa da saiwoyin kafaɗa, don haka matsalar hanta ko matsarmama kan bayyana a kafaɗar dama, ta zuciya kuma sau da yawa a hagu. Mai irin wannan idan ya lafar da ciwon da faci, ƙararrawa ya kashe. Duk da haka, idan aka ce in zaɓa tsakanin akwatin da abin da ya maye gurbinsa a aljihun Kawu, akwatin zan ɗauka. Tramadol ce. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta amince da mai miligiram 50 da 100, amma abin da masu turin kura da 'yan dako da kayayei ke samu a lungu mai 120 ne da 225 da 250, har hukumar ta tsaurara doka a 2018. Kayayei, ga wanda ba ɗan nan ba, 'yan matan arewa ne masu dakon kaya a ka, sunan ma rabinsa namu ne, kaya, rabinsa na Ga. Ba don maye suka fara sha ba. Buhu ne ba ya jira kafaɗa ta warke.

Sai da Kawu ya faɗi a bayan gida, jiki na karkarwa, sannan ya yarda muka kai shi asibiti. A wurin farko ba a ko ce ya cire riga ba, aka rubuta masa wani maganin kashe zafin aka ce na gaba. A wuri na biyu wata mai gashin ƙashi ta tsaya a bayansa ta kira ni, ta ce, "Hajiya, zo ki gani." Bayan allon dama ya lotsa, na hagu a cike. Sikan ya nuna igiyar ɗaya daga tsokokin nan huɗu ta yage. Likita ya yi masa allura a kan jijiyar saman allo, ina tsaye ina kallon allurar a allon na'ura tana gangarawa wajen tsagar da na karanta a littafi. Bayan minti 20 Kawu ya ɗaga hannu ya sosa ƙeyarsa, ya ce, "La ilaha illallahu." Na tambayi likitan zancen wayar kwana 60, ya yi murmushi ya ce, "Ki fara biyan kuɗin motarsa zuwa motsa jiki sau biyu a mako."

Sauƙin allurar ya ɗauki makonni, a cikinsu aka samu damar yi masa atisaye, aka kuma rage masa tramadol a hankali. Igiyar da ta yage ba ta ɗinke ba. Mai gashin ƙashin ta ce ya kawo akwatin torotoron, ta duba, ta zana masa da biro wuri biyu a fata inda zai riƙa mannawa, minti 30 kafin ya kwanta. Da zanen ya goge, matarsa ta sake shi da lalle. Bai bi 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku ba. Yanzu goro yake sayarwa a bakin titin Nima, kuma idan ya yi kabbara hannun dama na kaiwa daidai haɓa.